Tambayoyinku: Baba zai sayar da fili don in karanta saikoloji a jami'ar kuɗi

Salam Anti, barka da ƙoƙari. Ni yarinya ce shekarata 19, na yi JAMB sau biyu ban samu admishon a jami'ar gwamnati ba, yanzu wata jami'ar kuɗi a Abuja ta ba ni gurbin karanta ilimin halayyar ɗan Adam wato saikoloji, kuma wallahi shi nake so tun rasuwar yayana da na ga halin da Mama ta shiga babu mai sauraronta. Kuɗin makaranta kusan miliyan 3 ne a shekara banda hostel da abinci. Baba ɗan fansho ne, ya ce zai sayar da filinsa ɗaya tilo ya biya. Anti kuɗin nan zai dawo kuwa?
Daga wata 'yarki a Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan yayanki ya ba Mama haƙuri. Na ji daɗin tambayar nan sosai, don yaran da ke tsayawa su yi tunanin aljihun iyayensu kafin su karɓi takardar admishon ba su da yawa.

Mu fara da lissafi. Miliyan 3 sau 4 miliyan 12 kenan, idan ma ba a ƙara kuɗin ba kafin ki gama, kuma kin san yadda abubuwa ke tashi a ƙasar nan, sai ki ɗora hostel da abinci da kuɗin mota Kaduna zuwa Abuja da na hanawut da furojet. Idan kin gama kika tafi bautar ƙasa alawi ɗin yanzu 77,000 ne a wata, shekara guda cur bai kai miliyan 1 ba. Mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne tun 2024. Ga shi bashin karatu na NELFUND ɗaliban makarantun gwamnati kawai ake ba, na jami'ar kuɗi ba sa ciki, to duk nauyin a wuyan Baba zai tsaya.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne digirin farko a saikoloji ba ya mayar da ke mai duba marasa lafiya. Aikin da kike mafarki, ki zauna da mace irin Mama ki saurare ta ki taimaka mata ta fita daga damuwa, sai kin ƙara mastas a ɓangaren asibiti sannan kin yi horo ƙarƙashin ƙwararru a wuri irin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa nan Kaduna ko na Kware a Sakkwato ko na Maiduguri. Rubuta magani kuwa aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da ya karanta likitanci. To idan filin ya tafi a digirin farko, da me za a yi mastas ɗin? Nan ne fa gizo ke saƙar.

Ba wai kwas ɗin ba shi da amfani ba ne, wallahi muna buƙatarku. Ki duba matasanmu da shaye-shaye ya cinye, ki duba matan da aka sako daga hannun 'yan bindiga suka koma gida ba wanda ya tambaye su yaya barcinsu, a farkon 2023 ma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ana ɗaukar masu wannan karatu a NDLEA da gidajen gyaran hali da makarantu da sashen kula da ma'aikata na kamfanoni da ƙungiyoyin agaji a Borno, sai dai su ƙungiyoyin aikinsu na kwantiragi ne, kuma da Amurka ta yanke tallafi a 2025 mutane da yawa sun dawo gida.

A aikin gwamnati kuwa mai digirin jami'ar kuɗi da mai na Jami'ar Jos mataki ɗaya ake ɗora su, albashi ɗaya. Abin da miliyoyin ke saya miki shi ne babu yajin aikin ASUU, kamar na 2022 da ya ci wata 8, da aji marar cunkoso, wannan kam gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai filin dattijo mai fansho ba.

Shawarata kada a sayar. Ki sake JAMB ki cike Jami'ar Jos ko ta jihar Nasarawa da ke Keffi, duk suna da saikoloji, ko ki yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ki shiga aji biyu kai tsaye. Idan kuma dole sai jami'ar nan, kafin a biya ko kwabo ki duba ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa wato NUC ta amince da kwas ɗin a can, ki je ofishin jami'ar da kanki ki tambayi sikolashif da biya kashi-kashi, a ba ki a rubuce. Sannan ki samu Baba bayan sallar isha'i ki zauna kusa da shi da takarda da biro ki nuna masa lissafin nan, ki ce masa ya ajiye miki filin zuwa lokacin mastas.