Tambayi Likita: Haƙoran 'yata suna girgiɗa, kuma ba ta jin ciwo

Tambaya: Likita, ina da cikin wata biyar, dasashina yana jini idan ina goge baki. In daina gogewa ne?

Amsa: Kada ki daina, 'yar uwa. Juna biyu yana sa dasashi saurin kumbura. Ki riƙa gogewa safe da dare da buroshi mai laushi, kuma ki ga likitan haƙori. Wankin haƙori a asibiti ba ya taɓa ciki.

Tambaya: 'Yata shekararta 16. Haƙoranta na gaba sun fara girgiɗa suna buɗewa, alhali tana goge baki kullum, kuma ba ta jin ciwo. An ce mini tsutsa ce, in ɗiga mata ruwan batir ko in daka asfirin in cusa a wurin.

Amsa: Malam, don Allah kada ka kusanci bakin yarinyar nan da ruwan batir! Guba ce mai ƙona nama. Asfirin ma idan aka cusa shi a dasashi, gyambo yake bari. Wannan shawara tana ƙona mini rai, domin yaran da aka yi wa haka sukan iso asibiti da cuta biyu maimakon ɗaya. Babu wata tsutsa a haƙori.

Abin da ka bayyana ya yi kama da ciwon dasashi mai saurin cin ƙashi, wanda ke kama matasa. Yakan fara da haƙoran gaba da turamen farko, baki kuwa fes. Ana yawan samun wata bakteriya mai suna Aggregatibacter actinomycetemcomitans a irin wannan ciwo. Tana fitar da dafi mai kashe fararen ƙwayoyin jini, wato masu tsaron jiki, kuma nau'inta mafi dafi an fi samunsa a mutanen da asalinsu Arewaci da Yammacin Afirka ne.

Sai dai ba bakteriyar kaɗai ke ɓarnar ba. Idan ta ɓuya ƙarƙashin dasashi, garkuwar jiki takan yi ta turo dakaru, kumburi ya ƙi lafawa. Sinadaran da jiki ke fitarwa don wannan yaƙi su ne ke cinye jijiyoyin da suka riƙe haƙori, su kuma zaburar da ƙwayoyin da ke narka ƙashin muƙamuƙi. Ramin da ke tsakanin haƙori da lafiyayyen dasashi bai wuce milimita 3 ba. Idan ciwon ya zurfafa shi har ya kai 6, buroshi ba ya isa ƙasansa. Duk wannan yana faruwa ba tare da zafi ba, shi ya sa rashin ciwon nan nata ya fi tayar mini da hankali.

Ka kai ta wurin likitan haƙori cikin makon nan. Zai auna zurfin ramukan, ya ɗauki hoton ƙashi, ya kankare dattin da ke ƙarƙashin dasashi, wataƙila ya haɗa da maganin kashe bakteriya. Kada ka sayo mata kafso da kanka, domin magani ba ya ratsa dattin da ya daskare sai an kankare shi. Ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo, amma ana iya ceton wanda ya rage. Ciwon yakan bi dangi, saboda haka a duba ƙannenta da yayyenta. Ina sake roƙonka, kada ka jira haƙori ya faɗi.

Tambaya: Ina da ciwon suga, dasashina yana fitar da mugunya, bakina yana wari. Akwai alaƙa?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Hawan suga yana raunana garkuwar jiki, kumburin dasashi kuma yana hana suga sauka. Ka ga likitan haƙori da likitan sugarka. Idan fuska ta kumbura ko zazzaɓi ya zo, ka tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ina shan taba amma dasashina bai taɓa jini ba. Lafiya ke nan?

Amsa: Ba lallai ba. Taba tana tsuke hanyoyin jini, sai ta ɓoye alamar, ciwo yana ci a ciki. Je a duba ka, kuma a taimaka maka ka daina.