Zauren Gado Da Shagunan Haya: Abin Da Doka Ta Ce

Wani mai karatu daga wani tsohon gari a ƙasar Rano ya aiko da tambaya. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gida a tsakiyar gari, kusa da fadar hakimi, mai zauren ƙasa da kakansu ya gina. Yana so ya rushe zauren ya fitar da shaguna uku, amma an ce masa gidan tarihi ne, gwamnati ba za ta bari ba.

Malam, Allah Ya jiƙan mahaifi. Tsufan gini kaɗai ba ya mayar da shi kayan gwamnati. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da hurumi ne a kan wurin da aka ayyana a hukumance, irin su Gidan Makama da badalar Kano da zanen duwatsun Birnin Kudu. Waɗannan ba a taɓa su sai da rubutaccen izini. In ba a taɓa kawo wa gidanku takardar ayyanawa ba, mai yiwuwa zancen bakin kasuwa ne. Duk da haka ka rubuta wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ka karɓi amsa a rubuce ka adana.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne cikin gida. Ka ce "mahaifinmu", ke nan ba kai kaɗai ba ne. Muddin ba a raba gado ba, kowane tubali na zauren nan akwai haƙƙin ƙannenka mata da na mahaifiyarku a ciki, kuma girman ɗan fari ba ya ba ka ikon sa diga. Ko dai ku je kotun Shari'a a raba a ba kowa takardarsa, ko magada duka su sa hannu a yarjejeniya gaban shaidu, a faɗi wanda zai zuba kuɗi da yadda za a kasa kuɗin haya. Sannan ka tambayi dattawan unguwa ko kakanku ya taɓa bayar da zauren wakafi don karatun allo ko salla. In ya tabbata wakafi ne, ya fita daga gado, ba ku da ikon mayar da shi shago.

Sai batun ƙasar kanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna bisa amana. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, jiha ce ke ba da shaidar mallaka. Inda ba a ayyana ba, ƙaramar hukuma ce. Sashe na 34 da na 36 sun kare wanda yake riƙe da gida tun kafin dokar, don haka rashin satifiket bai sa kun zama baƙi a gidanku ba. Ka je ofishin filaye na ƙaramar hukuma ka ji ɓangaren da garinku ya faɗa. In akwai satifiket, ka duba abin da aka rubuta za a yi da filin. In zama aka rubuta, kasuwanci sai an nemi sauyin amfani, sannan a kai zanen gini a amince, a wurin KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta Jihar Kano, in yankin yana ƙarƙashinta, ko a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Yardar mai unguwa da dagaci tana da amfani ƙwarai wajen zaman lafiya, amma ba ta zama izinin gini ba. Shagon da ya ci hanya ko ya toshe magudanar ruwa, ranar da aka shafa masa jan fenti da wuya ka ga diyya.

Ka kuma kula da irin sana'ar. Tela ko mai sayar da littattafai ba zai dami kowa ba. Injin niƙa ko walda a lungun da katanga ke jingine da katanga, maƙwabci yana da damar kai ƙara, kuma alƙali zai tsaya a kan ƙa'idar ba cuta ba cutarwa.

Ra'ayina, tunda ka nemi shawara: kada ka rushe. Zaure mai ɗaurin guga, da azara a jere, da zankwaye a kai, magina masu iya shi sun yi ƙaranci, kuma sanyin da yake riƙewa a watan Afrilu bulo da kwano ba sa ba da shi. Ka kira tsohon magini ya duba azarar ko gara ta ci, a sabunta yaɓe, a gyara indararo, a huda ƙofa ta gefen titi a ba tela haya. Sauran shaguna biyun a fitar da su daga katangar gefe in fili ya isa. Da ka je neman izini, ka rubuta ƙarara cewa gyara ne da ƙarin gini, ka haɗa da hotunan zauren ciki da waje da kwafin yarjejeniyar magada.