Tambaya da Amsa: Wasan Spider-Man 2 na PlayStation 2

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga faifan wasan Spider-Man 2 a wani shago a Kasuwar Barci, shin ya cancanci in saya wa ƙanena? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wannan wasa, wanda kamfanin Treyarch ya ƙirƙira kuma Activision ya fitar a 2004, ya fi wasan Spider-Man na 2002 da ya gabace shi nesa ba kusa ba, domin ya sakar wa mai wasa tsibirin Manhattan na birnin New York ya zaga yadda ya ga dama. Babban armashinsa shi ne lilo da zaren gizo-gizo: dole zaren ya maƙale a jikin gini, saboda haka idan jarumin ya fita fili inda babu dogayen benaye, sai ya faɗo ƙasa ya ci gaba da gudu.

Aibinsa kuwa maimaici ne. Za ka ceto wa yaro balan-balan ɗinsa har ka gundura, hotunan kuma sun tsufa a idon yaran yau. Ka saya, amma ka sa mai shago ya gwada faifan a gabanka, kuma ka guji na kwamfuta, domin wasa ne daban, marar wannan lilo.