Tugwell ne ya jagoranci tafiyar Kano, ba Likita Mila ba

Malama, kin tambaya ko Likita Mila ne ya fara shigo da mishan na Angilika ƙasar Hausa. Ni a Wusasa, kusa da Zariya, aka yanke mini cibiya, kuma har na yi aure haka na ɗauka, domin sunan Mila kaɗai tsofaffinmu ke kira. Sai da na zauna da wani dattijo mai koyarwa a cocinmu ya warware mini zaren.

Jagoran tafiyar Bishop Herbert Tugwell ne, Baturen Ingila na ƙungiyar CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, wanda aka naɗa bishop a 1894, bayan rasuwar Bishop Crowther, bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika, da 'yan shekaru. A 1900 ya taso daga Legas, su biyar, har da Mila yana saurayin likita da ya koyi Hausa a Tarabulus wajen matafiya. Niyyarsu Kano kai tsaye.

A nan ne, a ganina, bishop ya yi gaggawa. Lokacin Turawa ba su ci Kano ba, sai 1903. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma suka ƙi tsayawa, suka wuce ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu Babba kuwa bai ɓoye musu komai ba: ya ba su 'yan kwanaki su tattara kayansu su bar masa gari. Ki duba fa, baƙi ne daga ƙasar da sojojinta ke cin garuruwa a kudu, sun zo suna neman wurin zama da wani addini. Wane sarki ne zai shimfiɗa musu tabarma? Shi kansa Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, bai ji daɗin tafiyar ba.

Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, a can ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Tugwell ya koma kudu, ya riƙe bishop har 1921, yana ta yaƙi da cinikin barasar da Turawa ke shigowa da ita.

Mila ne ya dawo ya zauna cikin birnin Zariya da kwalaben magani da allon karatu, har aka mayar da mishan Wusasa a 1929. In kin zo, ki shiga tsohuwar cocin St Bartholomew, ginin ƙasa irin namu, ki taɓa bangon ki ji kaurinsa. Muna yara, can muke fakewa in rana ta yi zafi.