Amsa: Me ya sa waɗanda korona ta kashe a Najeriya ba su da yawa a lissafi?

Malam, ka tambaya yadda aka yi Amurka ta rasa mutum fiye da miliyan ɗaya, Najeriya kuma kusan 3,150 kawai. Ai ba da mudu ɗaya aka auna ba.

Lissafin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, na waɗanda aka yi wa gwaji ne aka tabbatar. To mu nan Daura, mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwanci. Wa ya ɗauki samfurinsa? Wa ya je hukumar ƙidaya neman takardar shaidar mutuwa? Likitan da ya rasu a garin nan a Afrilun 2020 ya shiga lissafi ne saboda an gwada shi. Dattawan unguwa da suka tafi a waɗancan watanni, "zazzaɓi" kawai aka ce, Allah ya jiƙansu.

Dubi Kano. Masu haƙa kabari ne suka fara kokawa da yawan mace-mace a 2020, daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce a mace-mace 979 da aka bincika ta hanyar tambayar iyalai, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona.

Shi ya sa na fi yarda da ƙidayar mutuwar da ta haura yadda aka saba. Da ita Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 14.9 a duniya a 2020 da 2021, alhali ƙasashe sun bayyana miliyan 5.4.

Amma ƙuruciyar al'ummarmu ta taimaka da gaske: kusan rabinmu ba su kai shekara 18 ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa.