Amsa ga Hajiya Sakatariya kan tura imel ba tare da an ga adireshin kowa ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya Sakatariya, na ji saƙonki tun da safe, ina cikin Keke ne daga Yelwa, hayaniya ba ta bari na amsa ba, sai yanzu na samu na zauna a shago. Kin ce za ki tura gayyatar taron iyaye ta imel, mutum wajen tamanin, kuma bara wata uwa ta yi ƙorafi cewa kowa ya ga adireshinta, har wasu suka dame ta da tallan atamfa da turare. Kina tambaya ko sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. A'a Hajiya, ba sai kin sha wannan wahalar ba.

In kin buɗe Gmail a waya za ki rubuta sabon saƙo, layin farko an rubuta To. Can ƙarshensa ta hannun dama akwai wata 'yar kibiya mai kallon ƙasa. Ki taɓa ta, layi biyu za su fito, Cc da Bcc. In a kwamfuta ne, suna nan rubuce a gefen layin, dannawa kawai za ki yi.

Cc ɗin nan, kin san shuɗiyar takardar kabon da masu shago a kasuwar Wunti ke sawa tsakanin rasit, a rubuta a sama ya fito a ƙasa? To daga nan sunan ya samo asali, tun zamanin tafireta. Duk wanda kika sa a Cc, kowa na ganinsa, shi ma yana ganin kowa. Bcc kuwa kwafi ne a ɓoye. Saƙo zai isa ga mutum, amma ba wanda zai ga adireshinsa, shi ma ba zai ga na sauran da ke Bcc ba. Kamar bambancin guruf ɗin WhatsApp irin namu, da kowa ke ganin lambar kowa, da kuma burodkas, da kowa ke karɓar saƙonsa shi kaɗai.

Saboda haka abin da za ki yi: a layin To ki sa adireshinki ke da kanki, iyayen nan tamanin duk ki zuba su a Bcc. Shi ke nan. Cc ki bar shi babu kowa.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne, don na ga Malam Ma'aji ya sa alamar dariya. A Satumbar 2021, bayan Taliban sun karɓe Kabul, ma'aikatar tsaron Birtaniya ta tura imel ga 'yan Afganistan fiye da 200 da suka yi wa sojojinta aiki, irin su tafintoci, masu neman a fitar da su daga ƙasar. Aka manta da Bcc, kowa ya ga adireshin kowa. Mutanen da ke ɓuya don tsira da rai fa! Daga baya hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000. Mu ma nan tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, da hukumarta a Abuja. Namu bai kai nasu ba, na sani, amma cikin iyayen nan akwai matan aure da mazansu ba za su ji daɗi ba in wani baƙo ya fara turo musu saƙo, ya ce a wajen makaranta ya samu adireshi.

Sai dai akwai inda Bcc ke ba mutum kunya, kuma ni ya taɓa ba ni. Wani lokaci na rubuta wa wani da muke hulɗar kasuwanci kan bashin da nake binsa, sai na sa yayana a Bcc don ya shaida ba tare da mutumin ya sani ba. Yaya ya karanta, ransa ya ɓaci, ya danna Reply all, wato amsa wa kowa, ya rubuta, "ai dama na faɗa maka kar ka ba shi." Wallahi kai tsaye ya tafi wajen mutumin. Domin wanda ke Bcc in ya danna Reply all, amsarsa na zuwa ga mai turowa da duk wanda ke To da Cc. Tun ranar, in ina so wani ya ga saƙo a asirce, sai na tura tukuna, sannan na yi masa fowad daban. A naki tsarin ba wannan matsalar, tunda ke kaɗai ce a To, duk wanda ya amsa ke zai samu.

Wani abu kuma, kar ki ɓoye adireshi a sama sannan ki liƙa takardar da ke ɗauke da sunaye da lambobin iyaye a ƙasa. An yi ba a yi ba ke nan. Tamanin kuma ba matsala, Gmail na kyauta yana barin mutum ya kai wajen 500 a rana. Amma saƙon da aka tura wa jama'a da yawa yakan faɗa Spam, wato akwatin saƙonnin banza, don haka ki sanar a guruf ɗin iyaye su leƙa can.

Ki duba layin sau biyu kafin ki danna tura, don in ya tafi, daƙiƙoƙi kaɗan Gmail ke ba ki na janyewa, iyakarsa 30. Ki fara gwadawa da ni da Malam Ma'aji, ki sa mu a Bcc, mu faɗa miki abin da muka gani. Bari na tashi, ga mai fotokwafi yana jirana.