Motar wasa daga gwanjon Katangua

Tambaya: Malam, ina tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe da nake tsinta a gwanjo a kasuwar Katangua da ke Legas. Na samu wata Hot Wheels, an rubuta 1968 a ƙarƙashinta. Tsohuwa ce mai daraja? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Ɗan'uwa, kada shekarar ta ruɗe ka. A 1968 kamfanin Mattel ya fara fitar da Hot Wheels, amma lambar da ke ƙasan mota shekarar rajistar samfurin ce, kuma sukan yi shekaru suna sake ƙera shi. Duba ƙasar da aka yi ta. Na farkon a Amurka da Hong Kong aka ƙera su, da jan layi a jikin tayoyin. In ka ga Malesiya ko Tailan, ta baya-bayan nan ce.

Ni motocin wasa na Matchbox na fi so a raina. Duk wadda ka ga an rubuta Lesney (kamfanin da ya fara ƙera su) da Ingila a jikinta, saye ta ko fentin ya goge, kuma kada ka sake mata fenti, darajarta faɗuwa take. Damshin Legas kuwa na cin ƙarfe, sai ka adana su a roba mai murfi.